Bin Sawun Zaren RNA: Jagora ga Ɗalibin Digiri na Biyu da na Uku a Ilimin Gadon Bairos

Ɗalibai da yawa suna shiga digiri na biyu a fannin ƙwayoyin cuta da guzurin hadda: sunayen dangogin bairos, wanne ke da mayafi, wanne ba shi da shi, wace cuta kowanne ke haddasawa. Wannan guzuri yakan isa a ci jarrabawar digirin farko. Amma ranar da aka buɗe maka jerin haruffan gadon wani bairos a kwamfuta aka ce ka faɗi abin da kake gani, haddar ba za ta fisshe ka ba. Abin da ke fid da mutum shi ne sabo da tambaya guda, wadda zai riƙa yi wa kowane bairos: a daidai wannan lokaci wane zaren RNA (sinadarin da bairos ke rubuta gadonsa a kai) ne a cikin sel, wato ƙwayar halittar da ya shiga, wa ke karanta shi, wa ke kwafarsa, kuma kuskure nawa ake yi wajen kwafin? Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan tambaya aka gina su. Na zaɓi shan inna da zazzaɓin Lassa a matsayin manyan misalai domin su biyun sun ishe ka koyon kusan dukkan ƙa'idojin, kuma tarihinsu a ƙasarmu Najeriya aka rubuta babban ɓangarensa.

Mataki na farko: san matsalolin da bairos ke tararwa a cikin sel

Kafin ka taɓa wani bairos, ka tabbata abubuwa uku sun zauna maka game da sel na mutum ko na dabba. Na ɗaya, ba shi da inzayim (furotin mai gudanar da wani aiki a sel) da zai kwafi dogon zaren RNA daga wani RNA, don haka dole bairos ya samar da nasa folimares, wato inzayim mai kwafi. Na biyu, raibosom, wanda ke karanta saƙon RNA ya ƙera furotin, yakan nemi hula, wato wata alama ta sinadari, a bakin farkon zaren da ake kira 5' (ɗaya bakin shi ne 3') kafin ya hau. Na uku, a al'ada furotin guda yake fitarwa daga saƙo guda, alhali bairos na bukatar furotin da dama daga ɗan gajeren gado. Duk wata dabara da za ka karanta daga baya amsa ce ga ɗaya daga cikin ukun nan.

Daga nan ka ɗauki rabon da David Baltimore ya fitar a 1971, wanda ya kasa bairos gwargwadon hanyar da kowanne ke bi ya samar da saƙon da raibosom zai iya karantawa. Huɗu ne suka shafe ka: masu RNA mai zare biyu irin su rota mai sa yara gudawa, masu zaren (+) wanda shi kansa saƙo ne, irin su shan inna, zazzaɓin shawara da korona, masu zaren (−) wanda sai an juya shi, irin su ƙyanda, haukan kare, Ebola da infuluwenza, sai masu mayar da RNA zuwa DNA irin su HIV. Kada ka ɓata fiye da mako biyu a nan. Zana kowanne da hannunka a takarda, da kibiyoyi masu nuna 5' da 3', har sai ka iya yi ba tare da duba littafi ba.

Mataki na biyu: ɗauki bairos ɗin shan inna ka bi shi daga ƙofa zuwa ƙofa

Gara ka san bairos guda ciki da bai da ka san ashirin sama-sama. Na shan inna shi ne malamin da ya fi dacewa da farawa, domin gadonsa zare guda ne na (+) mai haruffa kusan 7,500, kuma an yi shekaru fiye da saba'in ana tona shi.

Yana kama wani furotin da ke fuskar sel mai suna CD155, ɓawonsa ya buɗe, zaren ya zube cikin ruwan sel. Nan take raibosom ya hau. To amma zaren ba shi da hula. Abin da ke manne a bakinsa wani ɗan ƙaramin furotin ne na bairos, VPg. Ta yaya raibosom ya hau? Haruffa kusan 740 na farkon zaren ba sa fassaruwa zuwa furotin, naɗewa suke yi su zama wani siffa da ake kira IRES, wanda ke jawo raibosom ya sauka kai tsaye a tsakiyar zare. A 1988 aka tabbatar da wannan, kuma ya sauya yadda ake fahimtar fassarar saƙo gaba ɗaya. Sai bairos ya ƙara da mugunta: inzayim ɗinsa 2A ya datse eIF4G, furotin ɗin da sel ke dogaro da shi wajen karanta saƙonni masu hula. Saƙonnin sel suka tsaya cak, na bairos kaɗai ke tafiya.

Matsalar furotin guda daga saƙo guda kuwa, ya warware ta da ƙera ƙaton furotin guda mai amino asid fiye da 2,000, sannan inzayim ɗinsa 2A da 3C su yanyanka shi gunduwa-gunduwa. Gunduwar farko ita ce ɓawo, VP1 zuwa VP4. Ta ƙarshe ita ce 3D, folimares ɗin. Tsaya a nan ka yi tunani: tunda daga furotin guda ake yanko su duka, duk lokacin da aka ƙera ɓawo ɗaya an ƙera folimares ɗaya, alhali ɓawo ake bukata da yawa, kwafi sittin na kowane furotin a ƙwaya guda. Wannan asara ce da bairos ya yarda da ita don ya samu sauƙin tsari. Idan ka fara ganin irin wannan ciniki a cikin kowane tsari, ka shiga karatun digiri na biyu da gaske.

Kwafin kuma a kan tantanin da bairos ya yago daga kayan cikin sel ake yinsa. Ana liƙa wa VPg haruffan U guda biyu, ya zama mafarin da 3D zai ɗora a kai. A kwafi zaren (−) daga na (+), sannan daga kowane (−) a fitar da (+) masu yawa, shi ya sa a cikin sel za ka tarar (+) ya ninka (−) sau gomomi. Lura da wani rikici da ɗalibai kan tsallake: raibosom yana tafiya daga 5' zuwa 3', folimares kuma yana karanta zaren daga 3' zuwa 5'. In suka hau zare ɗaya lokaci guda, karo za su yi. Dole a dakatar da fassara kafin a fara kwafi. Nemi bayanin yadda ake wannan sauyi, domin tambaya ce da masu jarrabawar baka ke so. Duk zagayen nan cikin awa shida zuwa takwas yake kammala.

Abu na ƙarshe da za ka riƙe: tsiraran RNA na wannan bairos, ba ɓawo ba komai, in aka shigar da shi sel yana haifar da cikakken bairos. A 1981 Vincent Racaniello da Baltimore suka nuna cewa kwafin DNA na gadon ma yana yin haka. Daga nan ƙofar sauya harafi da gangan don a ga aikinsa ta buɗe.

Mataki na uku: juya zuwa Lassa, inda komai ke tafiya a baibai

An gano wannan bairos a 1969 bayan ya kama ma'aikatan jinya na mishan, farawa daga garin Lassa a Jihar Borno ta yanzu, kuma a ɗakin gwajin Jami'ar Yale a Amurka aka fara ware shi. Ma'ajiyarsa ɓeran nan ne mai nonuwa da yawa, Mastomys natalensis.

Gadonsa gutsure biyu ne: S mai haruffa kusan 3,400, da L mai kusan 7,200. Furotin huɗu kacal yake da su. Tsiraran RNA ɗinsa ba ya haifar da komai a sel, domin raibosom ba zai fara da shi ba. Dole ƙwayar ta shigo da folimares ɗinta a ciki, zaren kuma a lulluɓe da furotin NP. Wannan ita ce babbar ƙa'idar masu zaren (−): abin da ake kwafa shi ne zare tare da rigarsa ta furotin.

Ga inda Lassa ya bambanta. Kowane gutsure yana ɗauke da furotin biyu masu fuskantar juna, da wani ƙulli na RNA a tsakiya wanda ke tsayar da folimares. A kan S, ana iya fitar da saƙon NP kai tsaye daga zaren da ya shigo. Saƙon GPC kuwa, furotin ɗin mayafi, ba ya fita sai an kwafi cikakken kishiyar zaren tukuna. Haka a kan L: saƙon folimares ya fara fita, na Z ya biyo baya. Zauna ka zana wannan sau da yawa, domin a cikin tsarin haruffan kansa aka saƙa jadawalin lokaci. Kayan kwafi, NP da L, su ke fara samuwa. Kayan haɗa sabuwar ƙwaya da fitar da ita, GPC da Z, sai daga baya. Babu wani agogo da ya wuce wannan jeri.

Hula fa? Sata yake yi. Folimares ɗin yana da ɓangaren da ke datso hular saƙonnin sel tare da 'yan haruffa, ya ɗora nasa saƙon a kai. Infuluwenza ma haka take yi, sai dai ita a cikin cibiyar sel take aikinta, kuma ta raba aikin ga furotin uku: PB2 ya riƙe hular, PA ya datse, PB1 ya yi kwafi. Maganin infuluwenza mai suna baloxavir wannan datsewar ta PA yake toshewa, abin da ke nuna maka cewa sanin waɗannan matakai shi ne sanin inda magani zai kama.

Shigar Lassa sel ma darasi ce. A waje yana kama wani furotin na fuskar sel mai suna alfa-distirogilaikan. Bayan an haɗiye shi cikin jakar sel mai tsami, sai ya saki wannan ya koma kan wani furotin, LAMP1, kafin mayafinsa ya narke da tantanin jakar. NP kuma, ban da lulluɓe zare, yana da inzayim da ke cinye RNA mai zare biyu, wanda shi ne alamar da sel ke gane baƙo da ita ya tayar da intaferon, sinadarin da ke faɗakar da garkuwar jiki.

Idan ka gama da waɗannan biyun, sauran dangogi za ka ratsa su da sauri. A ƙyanda da haukan kare, zare guda ne, folimares yana farawa daga baki ɗaya yana zamewa a kan iyakokin furotin, don haka na farkon layi ya fi na ƙarshe yawa. A korona, gadon ya kai haruffa kusan 30,000, raibosom yakan ja baya da harafi ɗaya a wani wuri don ya kai ga folimares, kuma ana ƙera gajerun saƙonni ta hanyar tsallake. Rota kuwa, mai gutsure 11, ba ya fitar da zarensa mai biyu daga cikin ɓawo sam.

Mataki na huɗu: koyi lissafin kuskure

Nan ne zuciyar ilimin gadon bairos. Folimares na yawancin masu RNA ba ya komawa baya ya gyara abin da ya kwafa ba daidai ba. Kuskurensa yana tsakanin harafi ɗaya cikin 10,000 zuwa ɗaya cikin 1,000,000. Ɗauki biro ka lissafa: gado mai haruffa 10,000, a kan kuskuren ɗaya cikin 10,000, kusan kowane sabon kwafi yana da sauyi guda. A shan inna, kowane ɗaya daga cikin haruffa 7,500 yana iya komawa wasu uku, wato sauye-sauyen harafi ɗaya 22,500 ke nan gaba ɗaya. Kwalbar gwaji mai ƙwaya miliyan ɗari ta riga ta ƙunshi kusan dukkansu. Ma'ana, bairos mai jure magani yakan kasance a wurin tun kafin a ba da maganin. Maganin zaɓo shi kawai yake yi.

Saboda haka abin da ke jikin majinyaci taron 'yan uwa ne masu kama da juna, kuma jerin haruffan da na'ura ke ba ka rinjayen taron ne kurum. Manfred Eigen ya shimfiɗa ka'idar a 1971, Esteban Domingo da abokan aikinsa suka gan ta a zahiri a 1978 a kan bairos ɗin bakteriya mai suna Qβ. Akwai gwaje-gwaje biyu da nake so kowane ɗalibi ya karanta da idon basira. An nuna cewa maganin ribavirin na tura shan inna ya wuce iyakar kuskuren da zai iya ɗauka har taron ya rushe. An kuma samu wani shan inna mai sauyi guda a folimares, G64S, wanda ya fi iya kwafi daidai, amma sai ya zama mai rauni a jikin ɓeran gwaji. Yawan kuskure yana kashe shi, ƙarancinsa ma yana naƙasa shi. Korona kuwa ya iya riƙe dogon gadonsa ne domin yana da mai gyara, nsp14.

Rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa: yawan kuskuren da folimares ke yi a kowane kwafi, da yawan sauyin da ke tabbata a cikin jama'a a kowace shekara. Na biyun ya ratsa ta tankaɗen zaɓi da ƙuncin yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, inda 'yan ƙwayoyi ƙalilan ke tsallakawa.

Sai hanyoyi biyu na babban tsalle. Ta farko, folimares ya saki zaren da yake kwafa ya koma kan na wani bairos da ke cikin sel ɗin, a samu ɗa mai iyaye biyu. Nau'in HIV da ake kira CRF02_AG, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, haka ya samu, kuma samfurin da ake auna shi da shi daga Ibadan ya fito. Ta biyu, masu gado gutsure-gutsure su yi musayar gutsure, kamar yadda infuluwenza mai gutsure takwas ta yi ta haifar da annobar 1957, 1968 da 2009.

Yanzu ka ɗora wannan duka a kan abin da ya faru a gida. Bairos ɗin da ke cikin ɗigon rigakafin shan inna na Sabin rayayye ne da aka raunana, kuma babban ɓangare na rauninsa harafi guda ne a cikin IRES: wuri na 480 a nau'i na 1, 481 a na 2, 472 a na 3. A cikin hanji wannan harafi na iya komawa yadda yake. Inda kusan duk yara sun samu rigakafi, bairos ɗin ba ya samun wanda zai kama, sai ya mutu a nan. Inda aka bar yara da yawa babu rigakafi, sai ya yi ta yawo daga wannan zuwa wancan yana tara sauye-sauye, yana haɗuwa da 'yan uwansa na hanji, har ƙarfinsa ya dawo. Wannan ne ya faru a arewacin Najeriya daga 2005 da nau'i na 2, kuma binciken haruffa ya nuna ya ɓullo daban-daban fiye da sau 20. Ina so ka riƙe wannan da kyau domin za a tambaye ka a unguwa: giɓin rigakafi ne ya ba shi hanya, kuma cike giɓin ne ke tsayar da shi. Sabon ɗigon nOPV2, wanda Najeriya ke cikin ƙasashen farko da suka fara amfani da shi a Maris 2021, an sake gina wancan yankin na IRES ne yadda sauyin harafi guda ba zai iya dawo da ƙarfin ba.

Mataki na biyar: sa hannu a ɗakin gwaji, amma fara da abin da ba ya kisa

Lassa ba a rainonsa sai a ɗakin tsaro na mataki na huɗu. Tarihi ya isa gargaɗi: a Yale ma ya kama masu bincike, ɗaya ya rasu, kuma a 1970 likita Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa. Shan inna ma yanzu yana ƙarƙashin tsauraran dokokin killacewa, musamman nau'i na 2 tun bayan cire shi daga ɗigon yau da kullum a Afrilu 2016.

Shawarata ita ce MS2, bairos mai zaren (+) da ke kama bakteriyar E. coli mai wani siririn gashi a jikinta da ake kira F. Haruffansa 3,569 ne, kuma shi ne gado na farko da aka karanta cikakke, a 1976, a ɗakin gwajin Walter Fiers a Beljiyam. Ba ya kama mutum, ba ya bukatar rainon sel masu tsada, kuma cikin kwana guda za ka ga sakamako. Idan kana sashen likitan dabbobi, nau'in rigakafin cutar Newcastle ta kaji, irin wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke sarrafawa, yana girma a ƙwan kaza mai kwana 9 zuwa 11, ya koya maka aiki da mai zaren (−).

Fara da ƙidayar tabo, wato guraben da bairos ya kashe bakteriya a farantin raino. Ka jera bututu takwas, kowanne da ruwan sirki maikirolita 900. Ka ɗebi 100 daga samfur ka zuba a na farko, ka gauraya, ka jefar da bakin fifet ɗin ka sa sabo, sannan ka ɗebi 100 zuwa na biyu. Wanda ya yi ƙyashin canza baki zai kwashi ƙwayoyin da suka maƙale a jikinsa har bututu na ƙarshe, lissafinsa ya kumbura. Bayan ka zuba daga kowane bututu a farantinsa mai bakteriya, washegari ka ɗaga farantin sama ta fuskar haske, ka riƙa ɗiga alama da biro a bayan kowane tabo don kada ka ƙirga shi sau biyu. Ka zaɓi farantin da taboninsa ba su cunkushe ba, ba su kuma yi kaɗan ba. Misali ka samu 42 a sirki na shida, ka zuba mililita 0.1: wato 42 sau miliyan sau goma, ƙwaya mai rai miliyan 420 a kowace mililita.

Sai ka koyi rabon ƙwaya ga sel. In ka zuba ƙwaya ɗaya ga kowane sel ɗaya, kusan kashi 37 cikin ɗari na sel ɗin ba za su samu ko ɗaya ba, domin rabon na sa'a ne. Da uku ga kowanne, kashi 5 ne za su tsira. Da biyar, ƙasa da kashi 1. Don haka gwajin zagaye guda, inda kake son duk sel su kamu lokaci ɗaya, yana bukatar mai yawa. Amma wajen ajiye iri, zuba kaɗan, domin yawan cunkoso sau da sau yana tara naƙasassun ƙwayoyi masu guntun gado waɗanda ke danne lafiyayyu.

Game da RT-PCR, gwajin da ke ninka gadon bairos zagaye-zagaye har a iya gano shi, riƙe abu biyu. Bambancin zagaye 3.3 a lambar Ct, wato zagayen da na'ura ta fara ganin gadon, daidai yake da ninki goma na yawan RNA. Kuma ganin RNA ba ya nufin akwai bairos mai rai, ba ya ma nufin ana kwafi. In kana son hujjar kwafi a mai zaren (+), zaren (−) za ka nema da firaima (gajerun zaren da ake fara kwafi a kansu) masu alama ta musamman, tare da gwajin da babu firaima a ciki don ka kama ƙaryar sakamako.

RNA ba ya yafe wa mai sakaci. Raba samfur ƙanana-ƙanana tun ranar farko don kada ka riƙa narkarwa kana daskarewa. Kafin ka amince da firizar −80, tambayi mai kula da ita awa nawa take yi babu wuta, da wanda ke tayar da janareta da dare.

Mataki na shida: karanta nasaba a kwamfuta

Wannan ɓangare ba ya bukatar komai sai kwamfuta da intanet, kuma a nan ne ɗalibinmu zai iya gogayya da kowa a duniya. Ka sauko da jerin haruffan S na Lassa daga GenBank, rumbun jerin haruffan gado a intanet, ka jera su da manhajar MAFFT, ka duba jerin da idonka a AliView, ka gina bishiyar nasaba da IQ-TREE. Ƙa'idar iri ɗaya ce da ta masu nazarin littattafan da malamanmu suka kwafa da hannu: in kwafi biyu suka yi tarayya a kuskure guda a wuri guda, to daga uwa ɗaya aka kwafo su.

Za ka ga zuriyoyin Najeriya uku, I, II da III, sun fi nisa da juna a kan ta IV ta Saliyo, Gini da Laberiya, abin da ya sa binciken 2015 ya nuna cewa asalin bairos ɗin daga Najeriya ne, shekaru fiye da dubu baya. Bambancin yana kai wa kusan kashi 25 a S da 32 a L, kuma shi ya sa firaima da aka tsara da nau'in wata ƙasa kan kasa ganin namu, har ake gwada wurare biyu a gadon. A ɓarkewar 2018, lokacin da ake fargabar ko sabon nau'i ne mai saurin bi daga mutum zuwa mutum, haruffan samfuran asibitin Irrua suka nuna majinyatan sun warwatsu a rassa daban-daban, alamar kowanne daga ɓera ya ɗauka.

Gwada agogon shan inna da kanka, wato lissafin lokaci daga yawan sauyin haruffa. VP1 yana da haruffa kusan 900, yana sauyawa kimanin kashi 1 a shekara. In samfur ya bambanta da Sabin da haruffa 27, ya yi kusan shekara uku yana yawo. Da irin wannan lissafi aka gane cewa shan innar daji da aka samu a Borno a 2016 jikan wanda aka gani a 2011 ne, ya ɓuya a wuraren da rikici ya hana shiga. Kada ka taɓa BEAST, manhajar da ke sa wa rassan bishiya shekaru, sai manhajar TempEst ta nuna maka cewa samfuranka suna da alamar lokaci, kuma ka tace masu iyaye biyu da manhajar RDP kafin ka gina bishiya, domin su kan karkatar da rassa.

Mataki na bakwai: zaɓi batun kundi daidai da abin da ke hannunka

Kafin ka rubuta taken bincike, shiga ɗakin gwajin ka ƙirga abin da ke aiki a yau, ban da abin da aka yi alkawarin sayowa. Tambaya ƙarama mai amsa ta fi babba mai jiran kuɗi. Misali: shin firaima da ake amfani da su yanzu sun dace da jerin haruffan zuriya ta III da ke GenBank? Ko: wane nau'in Newcastle ke yawo a kasuwar kajin garinku, kuma yaya nisansa da na rigakafi? Duka biyun ana iya gama su cikin wa'adin digiri na biyu.

In aikinka na bukatar na'urar karanta haruffa, nemi haɗin gwiwa tun da wuri. Akwai cibiyar ACEGID a Jami'ar Redeemer's da ke Ede ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, inda aka karanta gadon SARS-CoV-2, bairos ɗin COVID-19, na farko daga Afirka a Maris 2020. Akwai Vom don cututtukan dabbobi, ɗakunan gwajin shan inna na Maiduguri da Ibadan, CERMES a Yamai, WACCBIP a Jami'ar Ghana, da Cibiyar Pasteur ta Dakar. Ka rubuta musu da tambayarka a fili, da abin da ka riga ka yi da hannunka.

Takardar amincewar kwamitin ɗa'a ta zo kafin ka ɗebi samfur ko ɗaya, haka yarjejeniyar tura samfur in zai bar makarantarku, kuma a rubuta a cikinta sunan wa zai fito a kan sakamakon. Duk bututun da ka ajiye ka rubuta masa ranar ɗiba, ƙaramar hukuma, da ko daga mutum ne ko dabba, ba tare da sunan majinyaci ba. Jerin haruffan da ba shi da rana ba ya shiga lissafin agogo, wanda ba shi da wuri kuma ba ya shiga taswira, don haka ka cike waɗannan gurabe a littafin aikinka a ranar da samfurin ya iso, sannan ka tura su tare da haruffan lokacin da za ka ɗora su a GenBank.